Kabewar da ta Tsallake Katanga

Taku goma sha ɗaya ne tsawonsa,
faɗinsa bakwai, in ban ƙirga gindin gwanda ba.
Da ƙafata na auna shi, ranar da masaƙa ta rufe ƙofa
aka ce mu je gida, za a neme mu.
Har yau ba a nema ba.

Bazara in ta sauka Kakuri
ƙasa kan yi tauri kamar gindin tukunya.
Ni da fartanya muna gardama tun asuba,
ina tono fasassun kwalabe, mataccen batir, murfin kwano,
har ɗan kunnen Barmani da ya ɓace tun tana goyon fari.
Kashin kaji buhu biyu daga wajen Tanimu,
sai tokar murhu, sai haƙuri.

Irin yana cikin gwangwanin madara,
kowanne a ƙulle cikin ƙyallen atamfa,
ragowar abin da injina ya buga:
kuɓewa a shuɗi, yakuwa a ja,
alayyahu, mai ƙwaya kamar kwalli, a ruwan ɗorawa.

Ruwan farko maƙaryaci ne, ba na shuka da shi.
Na biyu ma ta taga nake kallonsa.
Sai na uku, in shinge sun fito suna zagaye ƙwan lantarki,
sannan in duƙa.

Kwana huɗu alayyahu ya leƙo.
Kwana biyar akuyar liman ta ji labari.

Kuɓewa ba ta jiran malalaci:
ka manta ta kwana biyu, ta zama ƙaho.
Tumatir kuwa ba ya shiri da marka,
bara na yi masa rumfa da tsohuwar leda, na yi masa lallashi,
ya dube ni ya yi baƙi ya kwanta.
Na bar shi sai rani. Kowa da lokacinsa.

Kabewa ce ban shuka ba.
Daga juji ta fito, kusa da kwata,
ta bi igiyar shanya, ta kama bulo,
ta haye katanga ba sallama
ta faɗa gidan Mama Kasham.
Shekara tara muna maƙwabtaka,
tsakaninmu ina kwana, ina gajiya, shi ke nan.

Da kaka ta yi, wata Asabar da hantsi,
sai ga ta a ƙofa, abu bisa kai kamar tulu.
Ta ce, Malam Ɗanjuma, ga shari'a na kawo:
uwar tana gidanka, 'yar a gidana ta girma,
ni na sa mata dutse kada ta ruɓe,
ni na kore mata kaji. Ta wa ce?
Barmani ta fito da wuƙa tana dariya.
Rabi ya shiga miyar taushe,
rabi ya koma ta inda ya fito,
wannan karon ta ƙofa.

Yanzu ɗari ne. Rijiya ta ja da baya,
na ƙara wa guga igiya gaba biyu.
Latas na son sanyin nan, karas ma haka,
tumatir ya huce, ya fara ja a kumatu.
Yankakkiyar kuɓewa na bushewa bisa kwano,
zoɓo a faifai, barkono a tabarma.
Ruwan alwalata a gindin zogale yake ƙarewa.

Gwiwata ta fara ƙara in na tashi.
Wani lokaci da asuba nakan ji jiniyar masaƙa
a cikin kunnena kaɗai,
in zabura, in laluba takalmi,
sai in tuna albasa ce ke jirana.

Jiya na buɗe gwangwani.
Ƙulli huɗu ne yanzu.
Na huɗun ƙwayar ugu ce, manya kamar goro,
an miƙo su ta saman katanga,
an ce wannan sai da sanda, yana son hawa.
Na ce na sani,
ya hau, ya je inda ya ga dama.